JAWABI GA 'YAN AREWA MAZAUNA KUDU: KASALAR MAGANIN SANKARA



Majinyacin da ake yi wa ƙarin ruwan maganin sankara, wato kemo, a Asibitin Koyarwa na Ituku-Ozalla ko na Jami'ar Fatakwal, yakan koma masauki jiki a mace. Dalili kuwa, maganin yakan taɓa ɓargo, inda jini ke samuwa, sai jinin ya ragu. Sau da yawa mako uku-uku ake yinsa. Kasala takan tsananta a kwanakin farko, sa'an nan ta sassauta.

Abin tsoro shi ne majinyaci ya zaci maganin bai karɓe shi ba, ya hau mota ya nufi Arewa. Katse magani ba cuta sarari ne.

Lalle ne ya riƙa ɗan tattaki da sanyin safiya, ya taƙaita barcin rana, ya sha ruwa, ya ci wake da ƙwai kaɗan-kaɗan. In zazzaɓi ya kai digiri 38, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Sauran aiki na 'yan'uwa ne. Wani ya tsare masa rumfa, wani ya raka shi asibiti, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba da lafiya, amin.