Kyamara a kan ƴar mota ba wasan yara ba ce

A nan Cirozerin, inda kamfanin SONICHAR ke haƙar kwal a Anu Araren yana samar da lantarki, ya dace matasanmu su koyi haɗa mutum-mutumi mai kyamara. Ƴar kyamarar ESP32-CAM, idan aka ɗora ta kan ƴar mota mai batir, tana aika hoto kai tsaye zuwa wayar hannu ta Wi-Fi, ba sai da intanet ba. Wasu za su ce wasan yara ne, ga ƙura ga zafi. Ƙura kam gaskiya ce, sai an yi wa kyamarar rufi, dutse ma yana tare sigina. Amma yaron da ya shawo kan waɗannan matsaloli ya riga ya koyi lantarki da lissafi, ilimin da aikin ma'adinai ke nema. Malaman makarantu, ku ba su wuri da lokaci.