Jirgi Ya Sauka, Amma Jiki Bai Gama Tafiya Ba

(Jawabi a madadin 'yan'uwan da suka dawo gida bayan zama a ƙasashen waje)

Mu da muka yi shekaru a Ingila da Amurka muka dawo, an roƙe mu mu yi magana a kan doguwar tafiya a jirgin sama, tun da yake yanzu iyayenmu da yawa suna zuwa ganin jikoki, 'ya'yanmu kuma suna tafiya karatu. Abin da muke so ku riƙe shi ne, jirgi yana da sauri, amma jikin mutum ba ya bin saurinsa.

Da yawa cikin waɗanda suka je karatu Ingila a shekarun 1950 jirgin ruwa suka shiga daga Apapa zuwa Liverpool, tafiyar kusan mako biyu. Suna yawo a cikin jirgin, jiki yana sabawa da sauyin yanayi sannu a hankali. Yau daga Landan zuwa Abuja awa 6 ne da 'yan mintoci, daga Atlanta zuwa Legas kuma fiye da awa 10, mutum yana takure a kujera ɗaya.

Abu na farko shi ne wannan zaman. Idan ƙafa ta daɗe ba motsi, jini yakan daskare ya zama guda a jijiyar ƙafa. A shekarar 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin yana ninkuwa sau biyu bayan zaman awa 4 ko fiye. Tsofaffi, masu juna biyu, masu ƙiba da waɗanda aka yi wa tiyata kwanan nan su ne suka fi shiga haɗari. Mun lura iyayenmu sukan ƙi shan ruwa don kunyar tayar da na kusa da su in za su zaga. Baba, Mama, wannan kunyar ba ta da amfani. Ku roƙi kujerar bakin hanya, ku sha ruwa, ku riƙa motsa idon sawu, ku tashi ku taka bayan kowace awa ɗaya ko biyu. Idan bayan sauka, ko da an yi makonni, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya soma sarƙewa, a tafi asibiti nan take. Kada a tsaya shafa man zafi.

Na biyu, iskar cikin jirgi. Tana kama da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, alhali Jos ma tsayinta wajen mita 1,200 ne. Masu ciwon zuciya, ciwon huhu ko sikila su ga likita kafin a sayi tikiti. Magunguna kuma su kasance a jakar hannu, domin babban akwati yakan makara.

Na uku, agogon jiki. Najeriya tana gaban New York da awa 5 ko 6, gwargwadon lokacin shekara, kuma jiki yakan ɗauki kusan kwana ɗaya kafin ya gyara kowace awa. Shi ya sa wanda ya dawo yake gyangyaɗi da rana, da dare kuma ido biyu. Ba girman kai ba ne in bai fito gaisuwa ba. Muna roƙon dattawa kada a sa shi a gaban taro washegari, kada kuma a bar shi ya tuƙa mota daga Abuja zuwa Kafanchan ko Jos a ranar da ya sauka.

Na huɗu, zazzaɓin cizon sauro. Kariyar da jikinmu ya samu tun muna yara takan ragu idan muka daɗe a waje, yaran da aka haifa a can kuwa ba su da ita ko kaɗan. Kada a ce ai ɗan gida ne. A ba su gidan sauro, su sha maganin rigakafin da likita ya rubuta, in zazzaɓi ya zo a yi gwajin jini a ranar.

Zuciya ma tana buƙatar lokacinta. Wanda ya dawo yakan tarar an yi rasuwar da bai samu zuwa ba, yaran da ya bari sun yi aure, kuɗin da ya sani ba ya sayen komai. Ku yi haƙuri da mu, a bar mu mu huta kafin a kawo mana buƙatu. Mu ma za mu yi haƙuri, mu rage yawan cewa "a can ba haka ake yi ba".

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo da su lafiya.