Jawabin Bikin Yaye Ɗalibai: Rayuwa da Gwagwarmayar Hajiya Aisha Jummai Alhassan



Hajiya Aisha Jummai Alhassan, wadda jama'a suka fi sani da Mama Taraba, ita ce macen da wata kotu ta taɓa bayyanawa a matsayin zaɓaɓɓiyar gwamnar jiha a Nijeriya, ko da yake Allah bai nufe ta da hawa kujerar ba. An haife ta ranar 16 ga Satumba, 1959, a ƙasar Muri, shekaru da dama kafin a yanki Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola a 1991. Ta karanci shari'a a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, a zamanin da 'yan matan Arewa da ke kaiwa jami'a ba su da yawa.

A fagen shari'a ta fara kafa suna. Ta yi aikin majistare, sannan ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin Antoni Janar kuma Kwamishinar Shari'a ta Jihar Taraba. A 2003 aka naɗa ta Babbar Magatakardar Babbar Kotun Birnin Tarayya, Abuja. Ya dace ɗalibai su lura da wannan zangon, domin sau da yawa masu ba da labarinta kan tsallake shi su faɗa maganar zaɓe. Matar da ta shiga siyasa daga baya ta riga ta goge da aikin gwamnati, ta san doka ciki da bai, ba ta kuma jin shakkar tsayuwa gaban manya.

Zaɓen 2011 ne ya fito da ita fili. A jam'iyyar PDP ta kayar da sanata mai ci, Anthony Manzo, a zaɓen fidda gwani na Taraba ta Arewa. A babban zaɓe kuma ta kara da Jolly Nyame, wanda ya mulki jihar daga 1992 zuwa 1993, ya sake mulkarta daga 1999 zuwa 2007. Mutane da yawa sun ɗauka wankin hula zai kai ta dare, amma ita ta yi nasara, ta shiga Majalisar Dattawa mai kujeru 109 wadda matan cikinta 'yan ƙalilan ne.

Daga baya ta koma jam'iyyar APC, ta tsaya takarar gwamna a 2015. Taraba jiha ce mai ƙananan hukumomi 16, mai ƙabilu barkatai da mabiya addinai biyu masu ƙarfi, kuma a lokacin PDP ke riƙe da ita tun 1999. Duk da haka takarar ta yi zafin da sai da hukumar zaɓe ta ce zaɓen 11 ga Afrilu bai kammalu ba. Bayan zagaye na cikewa ranar 25 ga watan, aka bayyana Darius Ishaku na PDP a matsayin wanda ya ci.

Nan lauyar da ke cikinta ta motsa. Ta garzaya kotun sauraron ƙararrakin zaɓe, kuma ranar 7 ga Nuwamba, 2015, kotun da ke zama a Abuja ta soke nasarar Ishaku ta ba ta. Hujjar kotun ita ce PDP ba ta gudanar da zaɓen fidda gwani yadda dokar zaɓe ta tanada ba, domin a Abuja aka tsayar da ɗan takarar maimakon Jalingo, babban birnin jihar. Saboda haka tamkar jam'iyyar ba ta da ɗan takara ne. Murna ta ɓarke a wasu sassa, rikici kuma ya tashi a Wukari, abin takaici da ya jawo asarar rayuka. Hukuncin bai yi tsawon rai ba. Ranar 31 ga Disamba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe shi, bisa dalilin cewa yadda jam'iyya ta fidda ɗan takararta lamari ne na kafin zaɓe, wanda ɗan wata jam'iyya ba shi da hurumin ƙalubalanta. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a Fabrairun 2016. Har yau masu karatun shari'ar zaɓe suna da abin nazari a wannan shari'a, kuma har yau babu macen da aka rantsar gwamna ta hanyar ƙuri'a. Virginia Etiaba ta riƙi Anambra na 'yan watanni daga 2006 zuwa 2007, amma daga kujerar mataimakiya ta hau, bayan tsige Gwamna Peter Obi.

Ana tsakiyar wannan shari'a Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa ta Ministar Harkokin Mata, a Nuwamban 2015. A hannun ma'aikatarta aka danƙa kulawa da 'yan matan Chibok da aka sako, 21 a 2016 da wasu 82 a 2017. A Satumban 2017 ta shaida wa Sashen Hausa na BBC cewa Atiku Abubakar ubangidanta ne a siyasa, kuma shi za ta mara wa baya a 2019 ko da Buhari ya sake tsayawa. Wasu sun kira wannan butulci, wasu suka ce riƙon amana ne. Abin da ba a musu a kai shi ne a bainar jama'a ta faɗi abin da ke ranta, alhali tana sane da abin da zai iya biyo baya.

A Satumban 2018 APC ta hana ta shiga zaɓen fidda gwani. Ta ajiye muƙamin minista, ta koma jam'iyyar UDP, ta sake neman gwamna a 2019, ba ta samu ba. Daga nan ta koma PDP. Ta rasu ranar 7 ga Mayu, 2021, a wani asibiti a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, tana da shekara 61, aka kawo gawarta Jalingo aka yi mata sutura.

Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya sanya albarka a karatun ɗaliban da ake yayewa yau.