Takardar Wata Guda: Lacca a kan Koyon Yoga da Riƙonta Sana'a a Birnin Zazzau

 Lokacin da aka yanka mini kaɗan ne, la'asar kuwa ba ta jiran mai magana.

An nemi in amsa tambayar da samarinmu da 'yanmatanmu suka fara yi, wato ko ɗan birnin nan zai iya neman ilmin yoga, ya riƙe shi sana'ar da zai ci abinci da ita, ba tare da ya taɓa addininsa ko mutuncin gidansu ba. Ba zan ɓata muku lokaci da hadisan tseren da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi da Nana A'isha, ko kokawarsa da Rukana ba, domin a garin da ke da unguwannin malamai irin Kona da Juma, ba ni ne zan karantar da kowa waɗannan ba. Haka kuma kun ji cewa a watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 21 ga Yuni ta zama ranar yoga, kuma a shekarar ce gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata sukutum wadda yoga ke cikin abin da take kula da shi. Abu dai ya zama kasuwa, kasuwa kuwa ta shigo mana ta wayar hannu, ba ta nemi izinin mai unguwa ba.

Masu cewa haramun ne tun daga ƙofa, amsata gare su gajera ce. Ƙa'idar malaman usulu ita ce ba a hukunta abu sai an san surarsa, kuma wanda ya fi kowa riƙo da wannan ƙa'ida a mas'alar nan Musulmi ne, Abu Raihana al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya zauna a ƙarƙashin Sarki Mahmudu na Gazna, ya koyi harshen Sanskirit a bakin masu shi, sa'an nan ya juya littafin Patanjali, wanda shi ne tushen wannan fanni, zuwa Larabci, shekara kusan dubu ke nan, ya bayyana aƙidar mutanen kamar yadda take, bai ɗauke ta ba, bai kuma yi mata ƙage ba. Majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga a 2008, malaman Indunusiya kuwa a 2009 suka rarrabe, suka haramta wadda ke ɗauke da wuridai da ibadun Hindu, suka bar wadda motsa jiki ce zalla; Sa'udiyya ta shigar da ita cikin wasannin da aka yarda a koyar a 2017. Ni a wurina rarrabewar nan ita ce daidai. Wuridi da sunan abin bautar wasu, da rusuna wa rana da niyyar girmamawa, babu Musulmin da zai yi jayayya a kan haramcinsu. Amma miƙe ƙashin baya, da sassauta jijiyar cinya, da daidaita numfashi, waɗannan mubahi ne, sai wanda ya kawo dalili.

Rigimata ta gaskiya ba da malaman zaure take ba, da abokan aikina malaman motsa jiki take, waɗanda na daɗe ina faɗa wa magana guda a kwamitoci har sun gaji da ganin hannuna a sama, kuma ita ce maganar takardar shaida. Akwai wata ƙungiya a Amurka, Yoga Alliance, wadda aka kafa a 1999, ita ce ta yaɗa ma'aunin nan na sa'o'i 200 a matsayin abin da ya ishi mutum ya kira kansa malamin yoga. Ƙungiyar nan ba hukumar gwamnati ba ce, rajista take riƙewa, kuma makarantu masu zaman kansu ne ke bayar da takardar, da yawansu yanzu ta intanet. To, ku yi lissafi tare da ni: sa'o'i 200, idan aka zauna sa'a takwas kullum, kwana 25 ke nan, bai cika wata guda ba. Ɗalibin da ya shiga kwalejin horon malamai domin ya koyar da wasanni a firamare shekara uku yake yi. Wanda ya shiga sashen motsa jiki da ilmin lafiya na jami'a shekara huɗu. Likitan gashin ƙashi aƙalla shekara biyar, bayan haka ya yi shekarar sanin makamar aiki a asibiti, kuma ba zai taɓa majinyaci ba sai hukumar da aka kafa a 1988 domin wannan fanni ta ba shi lasisi. Amma yarinya ta biya kuɗi da dala, ta zauna gaban allon waya kwana 25, babu wanda ya taɓa dafa kafaɗarta ya ce nan kika karkace, sai a aiko mata da takarda mai hatimi, ta tara tsofaffi masu hawan jini ta ce su sa kai ƙasa, ƙafa sama. Subhanallahi!

Ku auna wannan da abin da muka gada. A cikin ganuwar nan, ɗalibi yakan fara da Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya, ya yi shekaru a Risala kafin ya ga Askari, balle Muhtasar, kuma ko ya sauke su duka ba ya shimfiɗa buzu ya karantar sai malaminsa ya yi masa izini, izinin da ake iya bin salsalarsa daga wane zuwa wane har a kai tushe. Kada a ce wannan ya keɓanta da ilmin addini, domin maɗori bai taɓa sakar wa ɗansa karaya ba sai yaron ya shekara da shekaru yana riƙe ƙafa, yana miƙo kara da tsumma, yana kallon yadda yatsun uban ke gane targaɗe daga gocewar ƙashi; wanzami ma haka, aska ba ta shiga hannun almajiri a watan farko. Masallacin Juma'ar da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda masana gine-gine suke zuwa daga nesa su dubi bakunansa, hannun da ya koyi aiki a gaban wani hannu ne ya ɗaga shi. Duk ilmin da ya shafi jikin ɗan Adam, kakanninmu sun ɗauke shi amana, suka sharɗanta masa lazimtar malami, da jarrabawa a gaban ido, da izini. Saboda haka idan aka ce mini takardar kwana 25 ita ce ci gaba, tsarinmu kuma shi ne koma baya, sai in ce wanda ya faɗi haka bai san ko ɗaya daga cikin biyun ba. Indiyawa da kansu, masu abin, sun kafa hukumar jarrabawa a 2018 mai matakai hawa-hawa, kuma cibiyar Kaivalyadhama da ke Lonavla, wadda aka buɗe tun 1924, an gina ta ne domin a gwada amfanin waɗannan motsi da awon likita.

Abokan aikina sukan ce wannan yayi ne na matan Abuja da Legas, zai wuce, mu riƙe ƙwallo da guje-guje. Na ji, ban gamsu ba. Ƙwallo ba ta shiga tsakar gida. Iyayenmu mata a Kwarbai da Kaura da Unguwar Iya dā daka da niƙa da jan guga suke motsa musu jiki, yau injin niƙa ya karɓi wancan, famfo da 'yan garuwa sun karɓi wannan, babur ya raba maigida da tafiyar ƙasa daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, ga kujeru suna ƙaruwa a sahun masallatai, ba domin ƙasaita ba, sai domin gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Matar aure mai ciwon baya ba za ta je filin wasa ba, kuma bai kamata a ce sai ta je ba. Abin da take bukata tabarma ce, da inuwa, da mace 'yar'uwarta wadda ta san abin da take yi. Ƙungiyar likitocin Amurka ma, a jagorar da ta fitar a 2017, ta lissafa yoga cikin hanyoyin da za a fara gwadawa ga daɗaɗɗen ciwon baya kafin a kai ga ƙwayoyi. Sana'ar kuwa ƙofarta a buɗe take, domin mai kitso da mai lalle da ungozoma sun riga sun nuna cewa mace tana iya shiga gida-gida da gwanintarta, a biya ta, a kuma girmama ta, ga makarantun Islamiyya na matan aure inda jama'a take a tare kullum.

Shawarata ba sabuwa ba ce. Yaro ko yarinyar da ke son wannan hanya ya fara da tushe, ya karanta motsa jiki da ilmin lafiya a jami'ar da ke Samaru ko a kwalejin horon malamai, ya san ƙashi da tsoka da jijiya da yadda jini ke gudana, ya san wanda za a ce masa miƙe da wanda za a ce masa tafi asibitin Shika likita ya gan ka. Bayan haka, in Allah ya hore masa, ya nemi tallafin karatu irin wanda gwamnatin Indiya ke bai wa ɗaliban ƙasashen waje, ya je ya zauna gaban malami, ya ɗauki abin da ya halatta, ya bar musu wuridinsu. Hukumar ilmin fasaha ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Kaduna, ta tsara ma'auni da jarrabawar aiki a gaban ido ga duk mai son karɓar kuɗin mutane da sunan koyar da motsa jiki, a sa malamin fiƙihu da likitan gashin ƙashi su zauna a kan manhajar tun daga farko, a kuma fara da mata, domin su ne bukatar ta fi tsananta a kansu. Masu unguwanni kuwa, kafin su bari a tara mutane a wani gida da sunan wannan horo, su tambayi mai koyarwar a gaban wa ta koya, kuma shekara nawa.

Shugaban taro yana nuna mini agogo.