Tsohon Keken Baba da Kayan Zamani



Kun san ni da keke tun muna aji ɗaya. To, bara saura kaɗan in kashe Raleigh na tsere da mahaifina ya bar mini. Gindin feda ya lalace, na sayo sabo, ya ƙi shiga, mai gyara ya ce a matsa da ƙarfi. Allah ya sa na hana shi. Ashe yawancin tsofaffin Raleigh ƙirar Nottingham tiredinsu layi 26 ne a inci, sauran kekunan Ingila kuwa 24. Ido ba ya bambancewa, amma da an matsa, tiredin jikin keken ya tafi ke nan. Tsohon Peugeot na Faransa ma awonsa daban, na milimita ne.

Haka kaca: ta mai giya biyar ta yi wa mai giya goma kauri. Kuma giya mai ƙas-ƙas da Shimano ya fito da ita a 1984, hannunta ba ya jituwa da kayan Campagnolo. Ni dai na bar hannun giyar Baba, wanda ake saitawa da kunne, domin ba ya zaɓen kamfani.