Mawaƙin da Sabis Ya Bari a Baya

Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, amma waƙarsa ta Imfiraji ta karaɗe ƙasar Hausa ta bakin almajirai da rediyo. Yau makahon mawaƙi a Birnin Gwari sai da waya muryarsa ke fita gari.

A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin Kaduna ta katse layukan sadarwa a yankin saboda 'yan bindigar dajin Kamuku da Kuyambana, har kusan wata biyu. Mai ƙafa ya shiga mota ya je neman sabis. Gurgun da ke ɗinkin hula da makahon da ke waƙa suka zauna jugum. Ko da sabis ya dawo, manhajar da ke karanta wa makaho saƙo tauna Hausa take yi, sai ya miƙa wa ɗan jagora wayar, sirrinsa da cinikinsa duk a hannun yaro. Ga kuɗin caji, ga na data.

Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman tana nan tun 2019. Tunda an sake buɗe kasuwar shanun Birnin Gwari bayan sulhu da 'yan bindiga a 2024, hukumomi su tuna da waɗannan masu fasaha, a samar musu da cibiyar kwamfuta mai sola a cikin gari.