Hasken rana a rufin gida: ina sauƙin ya maƙale?

Kun tuna watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke mana wuta? Ni a Maradi na kwana ina yi wa tsohuwata fifita da kwali. Washegari na shiga kasuwa tambayar kuɗin panno da batir, wallahi na dawo hannu rabbana.

Alhali tun 2017 gwamnati ta yafe haraji a kan kayan sola na gida da ake shigowa da su. Doka ta yi kyau, amma ni ban ga sauƙin a farashi ba. Don haka mu nemi a manna jerin kayan da aka yafe a kowace kasuwa, da Hausa, a kuma buɗe wa magidanci hanyar biya kaɗan-kaɗan.